Jirgin da Baba Bai Tuƙa Ba

"Ladi, wannan jirgin naki ba ya tashi ne?"

Haka Baba ya tambaye ni ranar Lahadi bayan coci, yana riƙe da ƙaramar kwamfutar wasa ta hannu da na sayo masa.

Baba tsohon direban jirgin ƙasa ne a nan Kafanchan. Tun da ciwon ƙafa ya zaunar da shi, na ce bari in sa masa wasan tuƙa jirgi ya riƙa ɗebe kewa.

A Kaduna mai shago ya nuna min iri biyu. Mai manhajar Linux, kana kunnawa sai ga wasanninka. Mai Windows kuwa sai ka bi nan ka bi can. Na ɗauki mai Windows, wai don ni ma in riƙa aikin ofis da ita.

Ranar nan sai ta tsaya sabunta kanta. Da ta gama ta nemi lambar sirri. Haruffan ƙanana ne, yatsan Baba yana rawa, sai ya danna wani abu daban.

Na ce, "Baba, kawo in buɗe maka."

Ya miƙo min a hankali. "Bar shi, 'yata. In sai an tayar min da inji, ai na zama fasinja."

Bai sake neman kwamfutar ba. Na ce zan canja ta, ya ce kada in wahalar da kaina.

Na duba abin da na'urar za ta iya, ban duba hannun da zai riƙe ta ba. Don Allah, yaya zan lallashe shi ya sake gwadawa?