Tsamiyar Malam Sule da Ruwan Kanal

Shekara bakwai ke nan da aka ɗauki mijina Malam Sule daga ɗakinsa zuwa makwancinsa a Bunkure. Allah ya jiƙansa. Maƙerin fari ne, aikinsa fitar da tutiya daga abin da duniya ta yar.

Matattun batura na rediyo da tocila, guntayen tsohon kwanon rufi, har ƙasar da ake sharowa a gindin maƙerun birni, wadda tutiyar cikinta ba ta taka kara ta karya ba, duk ya tara. Ya fasa, ya tankaɗe, ya jiƙa a randa da ruwan tsamiya har tsatsa ta saki, sannan ya narka ya haɗa da jan ƙarfe, munduwa ta fito. Dauɗar kuwa rami yake haƙa mata can tudu, ya rufe da toka. Abokansa suna masa dariya, wai kunun azumi yake damawa. Shi dai murmushi. Mai haƙuri, in ji mutanen da, yakan dafa dutse.

Yau fa? Matasa sun gano ruwan batirin mota. Abin da tsamiya ke ci a mako, shi kafin azahar ya gama. In an gama sai a tuttular a kanal, ruwan da ke shayar da shinkafarmu da tumatirinmu, wanda shanun Fulani ke kafa kai a ciki. Da Malam zai leƙo, na san ba zai yi faɗa ba. Shiru zai yi, irin shirun da ya fi bulala.

Ranin da ya wuce, Habu ɗanmu da ya gaji maƙerar ya shigo da jarka. Warin kaɗai ya gaya mini ruwan batiri ne.

"Inna, masu saye ba sa jira," in ji shi.

Na ce, "To, Habu. Ubanka a kanal yake alwala, ƙasan maƙera inda ruwa ke gangarawa, ba a samanta ba. In ka zuba, sauka ka kuskure baki a wurin, ina kallo."

Sai ya ɗaure jarkar a bayan babur, ya mayar Kumbotso inda ya sayo ta.

Malam bai bar gona mai faɗi ba, bai bar bene ba. Ya bar ɗa mai jin kunyar ruwa. Jiya na ji Habu yana ciniki a ƙofar gida, buhun tsamiya yake tayawa.