Hannun Ba-Rula

A garejin da ake ƙera bodin manyan motoci, can ƙarshen layin masu walda, in ka tambayi sunansa na yanka sai a tsaya ana kallon-kallo. Amma ka ce Ba-Rula kake nema, ko mai shayin bakin ƙofa zai turo baki ya nuna maka shi. Ga shi can kan tsani, dogo siriri, wando duk fenti, buroshi ɗaya a hannu ɗaya a bayan kunne.

Sana'arsa zane a jikin mota. In kafintoci da masu walda sun gama haɗa bodi, aka fesa mata fenti ta bushe, sai a kira shi ya yi mata kwalliya: dawisu a ƙofa, zaki a baya, furanni su zagaye fitilu. Wannan kam wasu ma suna yi, wasu har sun fi shi iya zaki, don nasa zakin kullum kamar mai jin yunwa yake fitowa. Abin da ya raba shi da su layi ne. Siririn layin nan da ke tashi daga kan mota ya tafi har wutsiyarta, sauran masu zane sai sun manna tef sama da ƙasa, ko su kafa rula su bi ta a hankali. Shi kuwa sai ya tsoma buroshi, ya goge bakinsa a gefen gwangwani, ya ɗora ƙaramin yatsansa a jikin ƙarfen, ya ja numfashi ya riƙe, ya yi ta tafiya da baya da baya har ƙarshen mota. Layi ya fito samɓal, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Daga nan sunan ya bi shi, wato mai jan layi ba rula, kuma ya ji daɗin sunan nan fiye da kima.

Cika baki kam, a nan ba a cewa komai. "Mai manna tef ba mai zane ba ne," in ji shi, "mai ɗaure kaya ne." Mai Walda, abokinsa tun suna samari, sai ya ɗaga baƙin gilashinsa ya harare shi.

"Kai dai Allah ya shirye ka, mutumina. Motar da gobe za ta faɗa taɓo, wa zai tsaya duba layinka?"

"Ni zan duba."

"To ka bi ta da gudu kana dubawa."

Abin da gareji bai sani ba sosai, wato ciwon da ke damunsa, matarsa ta san shi ciki da waje. Ita tela ce, tana ɗinkin mata a falonsu, kekenta jikin taga, teburin yanka a gefe, da almakashi da alli da wata doguwar rula ta katako da ta sha hannu har ta yi santsi. Tela yake ce mata. Ita kuma Maigida take ce masa, sai in ya ɓata mata rai ne yake zama Malam Ba-Rula. Yaransu biyu, Babba da Auta.

Ciwon nasa fuska biyu gare shi. Wani lokaci kansa ya ɗau zafi, barci ya ƙaurace masa, magana ba tsayawa, aikin mako ya gama shi a yini, ya dawo gida da gwangwanayen fentin da ba wanda ya aike shi. Tela in ta ga haka ta san abin da ke biye. Sai rana ɗaya ya kwanta ya juya fuska bango. Ba ci, ba wanka, ba magana. Ko ƙarar kekenta ba ya son ji, sai ta koma ɗinkin hannu har ya tashi.

Kada kuma wani ya ce mutumin nan bai yi ƙoƙarin tsare kansa ba. Wallahi ya yi. Ya kafa wa kansa dokoki, ya riƙe su gam. Ba ya karɓar mota biyu lokaci guda, ko za a yi masa kuka. Rana na sunkuyawa zai sauko daga tsani, ya wanke buroshinsa da kananzir ɗaya bayan ɗaya, ya gyara musu baki da yatsa, ya jera su a tsumma. Gida a ƙafa yake komawa, wai don aikin ya zube a hanya kada ya shiga ɗaki da shi. Babbar dokar kuwa ta safe ce. Akwai wani tsohon kwanon rufi da ya jingine a bayan gareji, kullum kafin ya taɓa motar kowa sai ya ja layi ɗaya a jikinsa. Ko ranar da yake jin duniyar ta yi masa baƙi ƙirin, zai ja ƙafa ya zo ya ja layin nan, ya koma baya ya ƙura masa ido.

"In ya miƙe," ya taɓa gaya wa Tela, "to ni ma ban karkace ba tukuna."

Dokokin sun riƙe shi shekaru, sannan suka kasa. Wata kwanciyar da ya yi ta ƙi ƙarewa. Ya rame har wuyansa ya zama abin tausayi, dangi suka yi ta zuwa kowa da tasa fatawar, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce hannun mutane ne, wani kawunsa ma ya ce lalaci ne kawai. Tela ta gaji da su, ta aika aka kira Mai Walda, suka ɗauki mijin nata suka sa a mota sai asibiti.

Maganin da likita ya ba shi ya yi aiki, gaskiya ya yi. Barci ya dawo, abinci ya fara shiga, har ya zauna yana yi wa Auta zanen kyanwa a bayan kwali. Tela ta ce wa maƙwabciyarta yau ta san tana da miji. Ba ta lura ba cewa in ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafe shi da hannu biyu.

Shi ya lura. Ranar da ya koma gareji ya nufi kwanonsa, ya tsoma buroshi, ya riƙe numfashi, ya ja. Layin ya fito yana rawa kamar sawun tsutsa. Ya goge da kananzir ya sake. Ya kuma gogewa ya sake. Da ya ji motsin Mai Walda sai ya juya kwanon ya fuskanci bango, ya ce yau kansa ke ciwo.

Ya koma wajen likita ya miƙa masa hannun ya ce duba. Likitan mutumin kirki ne, bai raina maganar ba. Ya rage wannan, ya canza wancan, aka yi ta zarya. Rawar ta ragu sosai, kofi ya daina zuba, yana iya ɓalla maɓallin riga. Ga kowane mutum hannu ya warke. Ga mai jan layi daga kan mota har wutsiya kuwa, ina! 'Yar rawar da ta rage ta isa.

"Za mu ci gaba da gwadawa," in ji likita. "Amma don Allah kada ka daina sha da kanka."

Ya ce to. Ya kuwa daina. Kullum da safe sai ya jefa ƙwayar a aljihu, ya kurɓi ruwa a gaban Tela, ya fita. Ba a daɗe ba hannu ya dawo, ya tsaya cak. Ya ja layi a kwano ya ga ya miƙe, ya yi dariya shi kaɗai. Motar da ya yi a kwanakin nan har yau yana cewa bai taɓa yin kamarta ba. Sai ya karɓi ta biyu kafin ya gama ta farko. Sai ya daina wanke buroshi.

Wata rana da la'asar Tela ta dawo daga kasuwa sayen zare, ta ji warin fenti tun daga ƙofa. Ta shiga falo ta tarar ya kwashe kujeru ya tara a lungu, ya shimfiɗa farin yadin mutane, na ɗinkin da aka kawo mata, daga bango zuwa bango. Yana durƙushe a kai, gumi sharkaf, yana jan layuka, ja da shuɗi da kore, ɗaya gefen ɗaya. Idonsa ya yi jajir.

"Tela! Zo ki gani! Zo ki duba da kanki, ko ɗaya bai karkace ba! Lafiyata ƙalau!"

Ta duba. Gaskiyarsa ce, ko ɗaya bai karkace ba. Abin da ya fi tsorata ta ke nan. Sai ta hango Babba a bayan ƙofar ɗaki, ya toshe wa Auta baki da hannu don kada ta yi kuka uban ya ji.

Wannan karon ya daɗe a asibiti. Da aka sallamo shi ya shigo gida ya buɗe hannu, Auta ta zagaya ta ɓuya bayan uwarta. Abin ya soke shi ƙwarai, ya zauna bakin gado ya rasa inda zai sa idonsa. Tela ta tura yaran waje, ta zauna kusa da shi. Ba ta yi maganar yadin ba, ko sau ɗaya.

"Maigida, ni ba layi na aura ba," ta ce. "Na san abin da yake a wajenka, ba na raina shi. Amma yaran nan sun fara sauraron takunka kafin su san ko za su fito. Ba zan iya zaɓa maka ba."

"In na sha, hannun ya tafi."

"Na sani."

"In hannun ya tafi, ni wane ne?"

Ba ta yi masa ƙarya don ta lallashe shi ba. Washegari ya haɗiyi ƙwayar a gabanta, ya buɗe baki ya nuna mata kamar ƙaramin yaro.

Ya ci gaba da zuwa gareji, don zama a gida ya fi komai haɗari a wajensa. Yana dama wa wasu fenti, yana cike gashin dawisun da wani ya zana, aikin da rawar hannu ba ta nunawa. In aka ce layi, sai ya ce idonsa ne ke damunsa. Bakin nan mai cika ya mutu murus. Masu tef suka daina jin tsoron wucewa ta gabansa, shi kuma ya daina kallon aikinsu.

Ana nan sai ga wani tsohon direba, mai kawo masa aiki tun da can, ya shigo da sabuwar mota fil. Ya ce shi bai yarda kowa ya taɓa masa layi ba sai Ba-Rula, ko wata nawa ne zai jira. Mai Walda ya ja abokinsa gefe.

"Karɓi aikin nan, mutumina. Zaman nan da kake yi ya ishe ni, kamar wanda aka yi wa mutuwa."

Ya karɓa. Da yamma ya dawo gida ya tsaya jikin teburin yanka, ya daɗe yana juya almakashi. Tela tana kan keke, ta ga tsayuwar ta yi yawa ta tsayar da ƙafa.

"Lafiya?"

"Ara mini rularki."

Ta kalle shi. Da a ce da ne, da sai ta yi shewa ta tara masa unguwa. Yau ko murmushi ba ta yi ba. Ta ɗauko ta, ta goge allin da ke jiki da gefen zaninta, ta naɗe ta a wani ƙyalle don kada a gane, ta miƙa masa.

Da sassafe ya isa gareji, ko mai shayi bai hura wuta ba. Ya kafa rular a jikin mota, ya ɗan karkata ta don kada ta taɓa ɗanyen fenti, ya jingina ƙarfen buroshin a gefenta, ya ja iya tsawonta. Ya matsar da ita ya ja. Ya kuma matsarwa. Duk inda layi ya haɗu da layi sai ya bi da bakin buroshi ya shafe. Ya gama kafin mutane su taru, ya naɗe rular ya cusa a jaka, ya koma baya ya duba. Kowace mahaɗa yana ganinta ƙuru-ƙuru, kamar ɗinkin da aka yi wa tsohuwar riga. Kunya ta rufe shi. Ya zauna kan wata taya yana jiran a zo a kama shi.

Direba ya zo da hantsi. Ya zagaya motarsa, ya tafa hannu, ya ɗaga murya.

"Kai! Kai! Jama'a ku zo ku ga aiki! Ina masu tef? Ku zo ku koya! Wannan hannun daban Allah ya yi shi."

Aka taru ana ta yabo. Masu tef ɗin ma suka zo suka duba suka gyaɗa kai. Ba-Rula ya kamo hannun Mai Walda ya kai shi daidai wata mahaɗa, wadda ta fi kowacce muni.

"Duba nan da kyau."

Mai Walda ya cire gilashi, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa fentin.

"Me zan gani? Layinka ne kamar kullum. Ai na ce maka tsoro ne kawai ya kama ka."

Ba-Rula ya juya ya ɗauki jakarsa. Da sun gane, da sun yi masa dariya, wallahi da ya fi masa sauƙi.

Ya koma gida a ƙafa. Tela na ganinsa ta miƙe.

"Ya aka yi?"

"Sun ce ya yi kyau."

"To alhamdulillahi."

"Ba wanda ya gane, Tela. Ko Mai Walda." Ya zauna ya zuba wa hannuwansa ido. "Duk shekarun nan ashe ni kaɗai nake gani. Na tsorata 'ya'yana a kan abin da ba mai gani sai ni."

Ya ciro rular ya miƙa mata. Gefenta ya sha jan fenti daga sama har ƙasa. Ta juya ta, ta kankara da farce, bai fita ba. Idonta ya ciko.

"Wannan ba za ta ƙara hawa yadin mutane ba," ta ce a hankali. "Riƙe ta. Zan sayi wata."

Yanzu lafiyarsa lau, kowa zai gaya maka haka. Yana shan maganinsa, yana barci, ya ɗan yi ƙiba, Auta ta koma hawa bayansa. Aiki ma yana samu. Sai dai ya daina jan layin safe, kwanon ma mai shayi ya ɗauke yana tare iska da shi. Buroshi yana wanke su, amma ba ya tsayawa gyara musu baki. In ya gama mota ba ya komawa baya ya duba, jakarsa doguwa kawai yake ratayawa ya tafi. Har yau Ba-Rula ake ce masa, kuma yana amsawa.