Gaisuwar Da Na Yi A Kasuwar Albasa

Shekarun baya, lokacin ina karatun digirin mastar a Kwatano, a fannin kula da jama'a, aikin da mutanenmu na Malanville suka fi sani da asistan sosiyal, akwai darasi ɗaya da na raina ƙwarai. Sauran duk na riƙe su hannu bibbiyu. Mun yi dokokin iyali da na kare yara, mun yi halayyar ɗan Adam tun daga goyo har tsufa. An koya mana zana dangin mutum a takarda har a gano wanda nauyin gida ya taru a kansa, da ziyarar gida, da rubuta rahoton da alƙali zai karanta ya gane. An kuma koya mana yin shiru har mutum ya ƙarasa maganarsa, wanda shi ya fi ba ni wuya, don ni Allah ya yi ni da baki. Amma ranar darasin ɗa'ar aiki da riƙe sirri, can baya nake zama ina latsa waya. A ganina wannan ai tarbiyya ce, kuma da abata na zo daga gida.

Malamar da ke koyar da shi dattijuwa ce 'yar kudu, ta daɗe a aikin kafin ta koma aji. Wata rana ta ce mana, "In kun haɗu da wanda kuke riƙe da dosiyensa, wato fayil ɗinsa, a kasuwa ko wurin biki, kada ku fara gaishe shi. Ku bari shi ya fara. In bai yi ba, ku wuce kamar ba ku taɓa ganinsa ba."

Nan take na ɗaga hannu. Na ce, "Madam, wannan sai dai a nan kudu. A garinmu in na wuce sa'ar mahaifiyata ban durƙusa ba, kafin in kai gida labari ya riga ni, kuma ranar ba ni ba cin tuwo."

Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ina ta jin daɗi. Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "To ki gaishe ta yadda kike gaida kowa. Kada ki ƙara ko kalma ɗaya." Ko a littafi ban rubuta ba.

A shekara ta biyu ana tura kowa sitaj, wato ka je ka yi wata uku kana koyon aikin a hannun wadda ta ƙware. Na nemi a kai ni cibiyar kula da jama'a ta garinmu. A takarda na rubuta cewa ina son yi wa al'ummata hidima. Gaskiyar magana, miyar mahaifiyata nake kewa.

Sati na biyu shugabata ta ce in zauna tare da ita in saurari wata mata, in dai matar ta yarda. Na sauya wasu abubuwa game da ita a nan, don haka kada wani ya ɓata lokacinsa wajen nema. Mu ce tana sayar da shinkafa da miya da soyayyen kifi a bakin kasuwar albasa, inda 'yan dako da direbobin manyan motoci masu jiran duwan, wato kwastan, suke cin abinci. Mijinta ya rasu, tukunyar nan ita ke riƙe da yara huɗu. Farfaɗiya ce ta same ta da girmanta. Sau biyu ta faɗi, duka a cikin ɗaki, ba wanda ya gani sai babbar 'yarta. Asibiti sun ɗora ta a kan maganin da ba a tsallake ko kwana ɗaya, cibiyarmu kuma ke ba ta takardar da take karɓarsa da ita.

Kun san yadda ake kallon wannan cuta a wajenmu. Har gobe akwai masu cewa ana ɗaukarta ta yawu, alhali ba haka ba ne. Amma mai sayar da abinci ba ta da lokacin yi wa kasuwa bayani. Ranar da aka ji, ranar za a daina cin abincinta.

Da ta shigo ta gan ni sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce wa shugabata, "Wagga ba ɗiyar mai albasa ba ce? Na san uwatta."

Shugabata ta ce ɗaliba ce, kuma dokar aikin ta hau kanta kamar yadda ta hau kan kowa. Ni ma na dafa ƙirji na ce, "Gwaggo, wallahi ko Innata ba za ta ji ba." Ta daɗe tana kallona, sannan ta zauna.

Ranar Asabar na raka mahaifiyata kasuwa. Ita dillaliyar albasa ce, daga Garou ake kawo mata, kuma ba rumfar da ba ta san mai ita ba. Da rana ta yi ta ce mu tsaya mu sayi kifi. Kafin in ankara muna gaban tukunyar matar nan, benci cike da mutane. Na durƙusa kamar yadda aka tarbiyyantar da ni, na ce ina wuni. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma tausayinta ya cika min ciki, ina so ta san ina tare da ita. Sai na sassauta murya, na karkata kai, na ce, "Gwaggo, ya jiki? An samu sauƙi?"

Ludayin da ke hannunta ya tsaya a sama.

Mahaifiyata ta ce, "Subhanallahi, ba ki lahiya ne? Mi ya same ki?"

Wani direba da loma a hannunsa ya ɗago kai. Mai tumatir ta gefe ta juyo gaba ɗaya. Matar ta ce ɗan ciwon kai ne, ya wuce. Ta zuba mana kifin ba ta ko kalle ni ba. Ni kuwa ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi a baya. A lokacin ne maganar malamata ta dawo min, kalma bayan kalma.

Ba mu kai bakin titi ba mahaifiyata ta fara. "Ina kinka san ba ta lahiya? Wurin aikinku ta zo? Ciwon kai ne ake karkata wuya haka?" Na ce na ji ne kawai. Ta ce a bakin wa. Na kawar da kai. Ta ce, "Ni na haihe ki, yau ni kike ɓoye ma magana?"

Lahadi na zagaya ta bakin kasuwar kamar mai neman wani abu. Ba tukunya, ba benci. Mai tumatir tana gaya wa wata cewa ai an ce ba ta da lafiya, ko mene ne oho.

Litinin ce ranar da za ta zo karɓar takardar magani. Tun safe idona na kan ƙofa. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai in leƙa. Har aka yi azahar ba ta zo ba. Na buɗe dosiyenta na duba, maganin da ke hannunta ranar Alhamis zai ƙare. Na zauna ina ta ganinta a raina tsaye a gaban kaskon mai yana tafasa, ba magani a jikinta, mutane cike da benci.

Na shiga wurin shugabata na faɗa mata komai, ina kuka ina jan majina. Na ce bari in hau babur in je gidanta in ba ta haƙuri.

Ta ce, "Ki je unguwarsu, ke da kowa ya san inda kike aiki? Abin da ya rage ki je ki ƙarasa shi ke nan. Ni ma ba zan je ba, ta roƙe mu kada a taɓa ganinmu a ƙofarta. Waya kuma a hannun yaranta take wuni." Na ce to me za mu yi. Ta ce, "Jira. Shi ma yana cikin abin da kika zo koya."

Ban taɓa sanin jira aiki ne mai wuya haka ba. Abinci ya ƙi shiga. Ban damu da makin sitaj ba, ko da yake na san ya tafi. Abin da ke cina shi ne mace ta kalli idona ta yarda da ni, ni kuma na kai ta kasuwa da bakina, da sunan tausayi.

Talata da safe na fito na tarar mahaifiyata ta dama kunu ta zuba a babbar kula, ta yafa mayafin fita. Ta ce ta aika wa maƙwabtanmu biyu, za su je dubiya gidan matar nan. Mace kwana uku ba ta fito kasuwa ba, ai bai kamata a zauna ba. Na san yadda dubiyarmu take. Za a zauna a tsakar gida, a tambayi yara, a leƙa ɗaki, wata ta ɗauki kwalin magani ta juya shi ta ce bari ta nuna wa ɗanta mai karatu. Kafin la'asar an gama.

Na tsaya a bakin zaure na tare hanya. Ban taɓa yi wa mahaifiyata haka ba. Na ce, "Inna, don Allah kada ki tahi. Kuma don Allah kada ki tambaye ni dalili."

Ta kalle ni tun daga sama har ƙasa. Na ɗauka mari ne zai biyo baya. Sai ta ajiye kular a hankali, ta zauna a kan turmi.

Can ta ce, "Abu guda za ni tambaya. Maganar da kinka yi a kassuwa, ɓarna ce?"

Na ce, "Ɓarna ce, Inna."

"In anka bi ta, tukunyatta za ta mutu?"

Na dai sunkuyar da kai.

Ta aika aka ce wa maƙwabta an fasa, ta ce yara su shanye kunun. Sannan ta ce, "Ɗauko mayahinki. Duk wanda na tsaya gabanai, ki yi mai irin gaisuwar da kinka yi rannan. Har da karkata wuyan."

Abin da ya biyo baya, ko maƙiyina ba na yi masa fatansa. Mahaifiyata ta ja ni rumfa rumfa. Muka fara da wani ƙaton ɗan dako da ke ɗauke da buhun albasa a ka. Na karkata kai na ce, "Ya jiki? An samu sauƙi?" Ya tsaya yana kallona baki buɗe. Mahaifiyata ta tafa hannu ta ɗaga murya yadda har masu kifi za su ji.

"Jama'a ku zo ku ga abin da lakwal, makarantar bokon ga, ta yi min da ɗiya! Mun aika ta Kwatano ta koyo aiki, ta dawo ta zama lokotoro, likitar gari. Kowa ta gani sai ya jiki. Jiya har akuyata ta yi ma ya jiki! Rannan ta je ta tsorata baiwar Allah mai shinkahwa, da lahiyatta da komi, har ta yi hushi ta ƙi hitowa."

Ta faɗa da Hausa, ta maimaita da yaren Dendi don kada wani ya rasa rabonsa. Na yi wa mai tumatir ya jiki, na yi wa mahauci, na yi wa wani jandarma da ya zo sayen goro. Kasuwa ta yi dariya har da masu riƙe ciki. Mai tumatir ta ce ai ita dama ta san ba komai, yaran yanzu ne karatu ke taɓa musu kai. Ina murmushin dole, hawaye na cika min ido, suna ɗauka kunya ce.

Laraba tukunya ta dawo bakin kasuwa. Mahaifiyata ce ta fara zama a benci ta ci shinkafa, ita da ba ta cin abincin waje. Ni dai ban samu natsuwa ba, don magani saura na kwana ɗaya.

Alhamis, ana gab da tashi, matar ta shigo cibiya. Ta ce shugabata kaɗai take son gani. Na ɗauki littafina na fita, na zauna a ƙarƙashin dalbejiya har ta wuce ta gabana da takardarta a ƙulle a bakin zane. Ba ta kalle ni ba. An cire ni daga dosiyenta, kuma shugabata ta rubuta abin da ya faru a rahoton sitaj ɗina ba ragi. Da na koma Kwatano na je na sami malamar nan na ba ta labari. Ba ta ce ai na faɗa miki ba. Ta dai tambaye ni ko mahaifiyata za ta yarda ta zo ta koyar.

Yanzu ni ake turo wa ɗalibai 'yan sitaj. Suna zuwa da dokoki a ka, da zanen dangi, da kalmomin Faransanci masu tsawo, kuma duk suna da amfani. Amma ranar farko nakan zaunar da su in ce musu ba mugunta ce ke tona asirin mutane a wannan aiki ba, yawanci kirki ne, irin wanda yake so a gan shi. Mahaifiyata kuwa ba ta sake tambayata ba, ko sau ɗaya. Ba ta karanta abin da nake rubutawa a waya, kuma ina roƙonku kada wani ya karanta mata.

Sunan dai ya bi ni. A kasuwar albasa ba wanda ke kirana da na yanka, Ya-Jiki ce kawai. Matar nan kuma shekara huɗu ina wucewa ta gaban tukunyarta, in ce ina wuni kamar yadda nake ce wa kowa, ta amsa wa iska. Ban taɓa ganin laifinta ba.

Wata rana na zo wucewa da sauri, hankalina na wani wuri, ban ma lura na iso rumfarta ba. Sai na ji murya a bayana.

"Ke, Ya-Jiki. Ina wuni?"

Na juyo. Tana riƙe da ludayinta, benci cike da mutane, tana kallona ido cikin ido. Maganganu suka taso min, haƙurin da na yi shekara huɗu ina son bayarwa, da tambayar da nake son yi. Na durƙusa.

Na ce, "Lahiya lau, Gwaggo. Ya kassuwa?"

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.