Layar Sama'ilu Soja

Duk wanda ya san ƙauyukan gabashin Minjibir ya san Sama'ilu Soja, mutumin da ya je yaƙin basasa ya dawo amma ko kaza ba ya iya yankawa. Matarsa Barira ce ke kai wa maƙwabta su yanka, tana tafe tana mita. Abokan wasansa kuwa ba su raga masa ba: soja guda, wai jini yake tsoro! Shi dai sai ya yi murmushin yaƙe, ya saɓa fartanya ya wuce.

Ba jarumta ce ta kai shi soja ba, gonar gado ce ta yi musu kaɗan, su bakwai. Ranar da za a tura su bakin daga aka raba musu wata 'yar takarda, wani hafsa ya zuba dogon Turanci, tafinta ya taƙaita da cewa kowa ya riƙe ta kamar ransa. Sama'ilu karatun allo ya yi, boko ko harafi bai sani ba. To takardar da aka ce ka riƙe kamar ranka, in ba laya ba mece ce? Ya kai wa baduku aka ninke ta, aka ɗinke da jar fata, ya ɗaura a damtse. Ba shi kaɗai ya yi haka ba.

Wata rana da hantsi, a cikin wata gonar rogo can kudu, wani sojan ɗaya ɓangaren ya fito, ya yar da bindiga, ya ɗaga hannuwa sama. Sama'ilu ya harbe shi. Babu wanda ya tanka, shi ma ya ce wa ransa ai yaƙi ne. Ya dawo gida ko ƙwarzane babu, yana ta yabon layarsa.

Shekarar babban fari, da gero ya ƙone a tsaye, fatar layar ta tsage, ya kai ta kasuwar Minjibir a sake ɗinki. Malam Uwaisu, malamin firamare, yana rumfar badukun yana jiran takalminsa. Ya hango rubutun boko, ya karɓa ya duba.

"Soja, wannan ai ba laya ba ce. Dokokin yaƙi ne, irin waɗanda ƙasashen duniya suka sa wa hannu." Ya karanta masa da Hausa, har inda aka ce wanda ya ajiye makami ya miƙa wuya ba a taɓa shi, sai ma a ba shi ruwa da abinci.

Sama'ilu ya ce, "Maimaita, Malam." Malamin ya maimaita.

Tun daga ranar sojan nan da ya harbe ya dawo masa. Ba a mafarki ba, da rana tsaka, tsakanin karan dawa, a tsaye, hannuwa sama. Abin tausayi, Sama'ilu ya rame fiye da yadda farin ya ramar da kowa. Ya kai ƙarar kansa wajen alƙali, aka ce yaƙi ya ƙare, kuma babu mai neman haƙƙin mamacin. Ya nufi zauren liman, ya ba shi labarin duka, ya ce a ɗora masa azumin wata biyu ko ya samu sauƙi.

Liman ya daɗe yana jan carbi, yana nema masa mafita. "Wannan kaffara ta kisan kuskure ce, Sama'ilu. Kai ba ka san abin da aka rubuta ba, ga ruɗanin yaƙi. Wataƙila ma ba ka lura ya yar da bindigar ba?"

Sama'ilu ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, takardar ce ban iya karantawa ba. Hannuwansa kuwa na gan su."