Ranar da Aka Baza Zanen Buhu a Kan Tabarmata

Yanzu nakan manta abin da na ci jiya, nakan manta inda na ajiye carbina, amma ranar da aka baza zanen buhu a kan tabarmata, wannan kam sai dai in tafi da ita kabari. Ku gyara zama ku ji, don a idona aka yi.

A shekarun nan ne da taki ya gagari talaka, kuɗin mota zuwa birni ya hau, samarin ƙauyenmu suka cika gindin darbejiya babu aikin yi. Ina da jika mace, marainiya, ubanta ya rasu tana goye. Baffanta ne ya riƙe ta, wato ɗana na fari, mai saye da sayar da hatsi a Dawanau. Shi ya tsaya mata har ta gama karatu, ta sami aiki a wani kamfani a birni da ke tsara wa masu kaya talla. Su ne ke zana abin da kuke gani a jikin buhu da kwali da manyan allunan bakin titi. Ni ban san boko ba, amma na san yarinyar tun tana ɓata min bango da gawayi ina bin ta da muciya. Allah ya ɗaga ta, aka ba ta shugabancin ɗakin masu zane.

Sai aka ce za su ɗauki mutum ɗaya. Labarin ya riga ta isowa ƙauye. A wurinmu kuwa idan naka ya sami kujera, kujerar ta dangi ce. Baffanta bai ma roƙa ba, aika mata kawai ya yi cewa ga yayanta nan, ɗansa, ta ɗauke shi.

Ran wata Juma'a ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta zube a gabana.

"Kaka, na rasa yadda zan yi. Kamfanin nan da ƙyar yake numfashi, an sallami mutane da yawa. Babban aiki ɗaya ya rage mana, na masu sayar da irin gero. In muka ɓata shi sun tafi, ni ma an sallame ni. Yaya ya zo ya yi gwaji, wallahi bai iya ba. In na ƙi shi kuma, da wane ido zan kalli Baffa? Ki yi masa magana."

To, nan fa ake yinta. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi na ce yi kaza, bar kaza ba. Kakarsa ce ta raine shi, haka muka tarar ana yi. In ya zo gaishe ni, gefe nake kallo in amsa. Yaya zan buɗe baki da furfurata in ce masa ɗansa bai iya ba?

Sai na ce, "Ku a can yaya kuke zaɓen mutum?"

Ta ce kowa ana ba shi abu ɗaya ya zana, a cire sunaye, a baza a tebur a duba. Ta ce ma zanen yana cikin jakarta.

Na ce, "Tabarmata ta fi teburinku faɗi."

Washegari da hantsi baffan nata ya shigo gaisuwa kafin ya wuce kasuwa, ɗan nasa na biye da shi. Ya tarar da takardu a baje, kowace da hoton buhu, an danne su da duwatsu. Na fuskanci rumbu, kamar da shi nake magana, na ce, "An ce akwai masu sanin buhu a gidan nan. Yarinya ta rasa wanda zai sayu, da an duba mata."

Ai kuwa ya ji daɗi. Ya tattare babbar riga ya tsuguna. Bai san ɗansa ya yi wani gwaji ba, a zatonsa magana ta ƙare tun ranar da ya aika. Ya ɗaga wannan ya ce rubutu ya yi yawa, manomi ba karatu ya zo yi ba. Ya ɗaga wancan ya ce launin zai koɗe a rana. Sai ya kai kan wani, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Wannan kuma fa? Zangarniyar gero ce ko wutsiyar akuya? Wanda ya yi wannan a ba shi fartanya!"

Ya wurgar da shi. Ya ɗauki wani mai kore da zangarniya cikakka, ya miƙa hannu nesa yana kallo. Ya ce, "Ga buhu. Daga bakin ƙofar kasuwa za ka hango shi."

Sai muka ji murya daga baya, ƙasa-ƙasa: "Baba, mai wutsiyar akuyar nawa ne."

Na ga wuyan uban ya kumbura. Ya juya kan yarinyar, ya ce, "Au, tarko kika ɗana min? Ni da na riƙe ki?" Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardun.

Ban san lokacin da na juyo ba. Na dube shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Kai. Ni na ɗana, ba ita ba. Hannunka ya zaɓa, hannunka ya yar. Ka gina marainiya har ta tsaya da ƙafarta, yanzu kuma kai za ka ture ta?"

Ya daskare. Ina jin ba maganar ce ta kama shi ba, jin muryata a kansa ne. Ya sauke ido kamar ƙaramin yaro.

Na waiwayi jikan nawa na ce, "Kai kuma maigidana, da wannan zanen za ka ciyar da ni?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Kaka, ni fa dama noman rani nake so a Bagwai, tsoron faɗa nake. Ai Baba ma ya ce a ba ni fartanya."

Uban ya yi ƙoƙarin haɗe rai, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. Ya miƙa wa yarinyar koren zanen, ya ce, "Ɗan waye?" Ta ce wani saurayi ne baƙo, ba shi da kowa a birni. Ya ce, "Ki ɗauke shi. In an tambaya, ki ce Baffanki ne ya zaɓa."

Aka ɗauke shi, masu iri suka karɓi aikin, kamfani ya farfaɗo, kujerar jikata ta zauna daram. Kafin damina buhun ya cika Dawanau, aka ce baffan nata har tare mutane yake yana nuna musu.

Abin da na koya da tsufana shi ne, mutum ya fi yarda da gaskiyar da ya ɗauka da hannunsa a kan wadda aka cusa masa a kunne. Kunya kuma ado ce, na yi ta shekara da shekaru ban yi nadama ba, amma ranar da za ta ci abincin marainiya, a ninke ta a ajiye a buɗe baki.