Tumatirin Daji a Fadamar Babanmu

Ni da yayana ba mu taɓa shiri sosai ba tun muna yara a Ƙofar Rini, amma tumatir ne ya ƙarasa raba mu.

Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana fadama a bakin gulbi, ba a raba ta ba. Yaya ke noman rani a ciki, tumatir da albasa. Ni kuwa gyaran iri na karanta, shi ne aikina. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne tumatirinmu ruwa ne zalla. Ka cika tukunya ka dafa, ya tsotse ya koma ɗan kaɗan a gindi. Masu yin na gwangwani kuwa mai kauri da zaƙi suke nema, shi ya sa ba sa waiwayar namu. To akwai wani tumatirin daji na ƙasashen waje, 'ya'yansa ƙanana kore, ba ya ciyuwa, amma yana ɗauke da halin tara zaƙi. Na samo irinsa ta wurin aikinmu, na roƙi Yaya ɗan gefe. Ya nuna mini ƙarshen gonar, inda ruwan inji ke isa bayan ko'ina ya sha.

Aikin na haƙuri ne. Da safe zan tsuguna da ɗan hantsaki, in buɗe furen tumatirin gida tun bai buɗe da kansa ba, in cire ɓangaren namiji, in shafa masa garin furen na dajin, in ɗaura jan zare don in gane shi. Ina cikin haka wata rana Yaya ya tsaya a kaina, ya tsinki ganye ya murza.

"Wanga mi na? Gautan kura ka shuka muna cikin gonar Baba?"

"Tumatir ne, Yaya. Ɗan'uwan naka ne."

"Ba ɗan'uwan nawa na ba. Ji warinai."

'Ya'yan farko sun fito 'yan mitsi-mitsi, ruwan ɗorawa, ga tauri. Na san haka za su fito, sai an yi ta sake haɗa su da na gida shekara bayan shekara. Yaya bai tambaye ni ba ya tsinke su, ya cika aljihu, ya kai majalisar ƙofar gida yana miƙa wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Na iso na tarar ana dariya. Ya ɗaga guda ya ce, "Ga malamin nan ya zo. Ku tambaye shi ko miyar tsuntsaye za a yi." Na wuce ciki ban yi sallama ba.

Rani ya zo ya wuce, wani ya zo. Yaya ya sha kashe inji kafin ruwa ya kai gefena, na dinga ɗiba da bokiti. A ƙarshe na sami tushe ɗaya da na daɗe ina jira: ja sosai, girmansa daidai, in ka matse shi ruwan na manne maka a yatsa. Na ɗiga a na'urar auna zaƙi, na sake ɗigawa don ban yarda da idona ba. Na bar 'ya'yan su nuna da kyau kafin in cire iri.

Shekarar ce tsutsa ta faɗa wa tumatir, duk bakin gulbin ba gonar da ta tsira. Yaya ya sani sarai. Duk da haka na zo da safe na tarar ya tumɓuke nawa kaf, ya tara, ya zuba fetur. Hayaƙi na tashi, shi yana tsaye da fartanya.

"Abinka na ya jawo muna tsutsa," in ji shi.

"Ƙarya kake yi, kuma ka san ƙarya kake yi."

Na cakumi wuyan rigarsa. Sai da maƙwabtan gona suka ɓamɓare ni.

Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya zaunar da mu a zaurensa. Ya yi ta faɗa a kan ƙane ba ya ɗaga wa wansa hannu, har ya gama bai ambaci abin da aka ƙone ba. Ya ce in ba da haƙuri. Na bayar a baki kawai, sannan na ce a raba fadamar. Aka raba, aka ja shingen ƙaya a tsakiya. Ban sake shuka komai a rabona ba, na bar wa wani maƙwabci yana sa albasa.

Irin da na adana tun kafin wannan shekarar kawai ya rage mini a gida. Da shi na sake farawa a wani fili da aka ara mini wajen Kalambaina. Na sami masu kauri, na sami masu ja, amma har yanzu ban sami wanda ya haɗa su kamar wancan tushen ba.

Muna haɗuwa da Yaya a jana'iza da ɗaurin aure. Yakan miƙo hannu in mutane na kallo, ni ma in miƙa. 'Ya'yansa na zuwa gidana su ci abinci, ban taɓa hana su ba. Amma da ya kwanta ciwon ƙafa bara, matata ta yi ta matsa mini in je dubiya. Na ce ta gaishe shi.