Takarkarin Kaka da Diktena

Ni dai ko ƙaton unguwar Zango ne zan tsaya mashi, amma a lakwal, makarantarmu ta boko, da mushe malaminmu ya ce "dikte", wato shifta, sai in rasa ta inda zan fara. Kuskure biyar zero ne. Zero kuwa ba satifika, sai gonar Baba a ƙauyen Dogo.

Kaka Falmata, uwar babana, ita ta gano ni. Bayan magariba mukan zagaye murhunta tana gasa mana gyaɗa. Ran nan ta ja ga-ta-nan ɗinta, idonta a kaina.

Wai wani ɗan garin Zermu ke da takarkari mai tsoron ƙofar Birni. Ya doke shi, ya ƙi shiga. Ya rataya mashi laya, ya ƙi. Sai ya riƙa kai shi inda yake hango ƙofar, ya ba shi dusa, su juya gida. Kashegari ya ƙara taku goma. Wata rana sa ya ɗago kai daga dusa, ya gan shi cikin gari.

Na ce, "Kaka, ni ne san?"

Ta ce, "A'a, mai gidana. Shi sa yana jin magana."

Ashe da gaske take. Ta kifa ƙwarya a ka, wai ita ce Bature mai jarrabawa, ta sa yayana ya karanto mana layi ɗaya tak mu rubuta, ni da Abba maƙwabcinmu, wanda ya fi ni tsoron dikte. "Ku ja numfashi uku, sannan ku taɓa alƙalami. Gobe layi biyu."

Kwana huɗu na yi. Abokaina suka leƙo ta kan darni, suka ga ƙwaryar, suka ji zancen takarkarin, suka sa mani suna Ɗan Dusa. Na daina zuwa, na ce ranar jarrabawa in ta zo zan daure kamar namiji. Abba ya ci gaba har wata uku, wawan.

Ranar ta zo. Bakin alƙalamina ya karye a layin farko, tawada ta malale. Na kwashi zero, Abba ya samu satifika. Yau an samu ƴancin kai, wawan yana biro, wato ofis, da farar riga, ni ina karen mota a tasha. Kaka ta rasu ban ce mata ta yi gaskiya ba, abin da ke ci mani rai ke nan.

Yanzu jarrabawar tuƙi ke gabana. Jiya na kai inda nake hango biron da ake jarrabawar, na ci ƙosaina, na juya. Yau zan ƙara taku goma.